Gyaran bangon da ruwa ya ci, sai da famit?

Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ruwan watan Agusta ya cinye gindin bangon ɗakin Hajiyarmu a nan Kano, katangar waje ma ta zube, silin ya jiƙe har ya yi ciki. Na sayi bulo da siminti, birkila zai fara aiki sai maƙwabcina ya ce wai sai na karɓo izini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, tunda katangar tana bakin titi, in ba haka ba a shafa mana jan fenti. To ni ba sabon gini zan yi ba, a tsohon fandisho zan mayar, sai dai zan ɗan ɗaga shi saboda kwata. Wannan ma sai da zanen gini? Takardar gidan kuma sunan marigayi Baba ne a jiki.