Gasar Super League ta Turai: mene ne ainihin laifinta?

Sani Mai Tamaula:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar ƙwallon ƙafa. Ina neman a warware mini wata tambaya game da gasar Super League, wadda manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka sanar a daren Lahadi 18 ga Afrilu 2021, ta kuma ruguje cikin kwana biyu bayan da ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. Duniya ta yi musu caa, ana cewa haɗama ce ta kai su, har shugaban UEFA, Aleksander Ceferin, ya kira wasu daga cikin jagororin tafiyar macizai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, gasar Firimiya da muke yabo ita ma ta hanyar ɓallewa aka haife ta, domin a 1992 ƙungiyoyi 22 na rukunin farko suka fice daga tsohuwar Football League saboda su riƙe kuɗin talabijin a hannunsu. Sannan ita kanta UEFA, kashegarin waccan sanarwa, ta amince da faɗaɗa gasar Zakarun Turai daga ƙungiyoyi 32 zuwa 36, kuma babu wanda zai ce don son wasa kawai ta yi hakan. To idan kowa kuɗi yake bi, me ya sa Florentino Perez, shugaban Real Madrid wanda ya jagoranci tafiyar, da abokansa kaɗai aka ɗora wa laifi? Akwai bambanci na gaske, ko kuwa faɗa ne kawai kan wanda zai riƙe asusu?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Tambayarka ta yi ma'ana, kuma ban musa cewa kuɗi ne tushen abin da aka yi a 1992 ba, tunda yarjejeniyar farko da aka ƙulla da gidajen talabijin ta kai fam miliyan 304 na shekara biyar. Amma akwai abu guda da masu kafa Firimiya ba su taɓa ba, shi ne hawa da faɗuwa. Duk kaka ƙungiyoyi uku ke gangarawa ƙasa, wasu uku su hau, kuma girman suna ba ya ceton kowa. Leeds ta faɗi, Newcastle ta faɗi, Aston Villa ta faɗi, ita kanta Manchester City a 1998 har rukuni na uku ta kai.

Tsarin Super League kuwa ya tanadi ƙungiyoyi 20, amma 15 daga cikinsu kujerar dindindin za su samu, ko sun yi wasa da kyau ko sun yi na banza, sauran Turai baki ɗaya kuma ta yi kokawa kan gurbi biyar. Ka dubi waɗanda suka naɗa kansu. A lokacin sanarwar, huɗu daga cikin 12 ɗin ba su taɓa ɗaukar kofin Zakarun Turai ba, wato Arsenal da Tottenham da Atletico Madrid da Manchester City, alhali Ajax tana da huɗu, Benfica da Porto da Nottingham Forest kowacce tana da biyu, kuma ba a sa su cikin masu kafawa ba. Rabon Tottenham da lashe gasar Ingila tun 1961. AC Milan ta shekara bakwai ba ta buga gasar Zakarun Turai ba. A makon da aka yi sanarwar, Leicester da West Ham ne ke cikin huɗun farko a teburin Firimiya, Arsenal kuwa tana can tsakiya, kuma ta ƙare kakar a mataki na takwas. Ashe ba ƙwazo aka duba ba, yawan masu kallo da masu sayen riga aka duba.

Illar ba za ta tsaya a wasannin tsakiyar mako ba. Bankin JP Morgan ya yi alƙawarin yuro biliyan 3.5 da masu kafa gasar za su raba tun kafin a buga ƙwallo, kuma sun ce za su ci gaba da buga gasannin ƙasashensu a ƙarshen mako. Ka ƙaddara ƙungiya shida a Ingila suna da irin wannan kuɗin a aljihu, kuma ba sa bukatar ƙarewa a huɗun farko. Wane amfani ya rage wa sauran 14? Abin da Leicester ta yi a 2016 ya girgiza duniya ne saboda a filin wasa ta ƙwace kambun, ta kuma samu tikitin zuwa Turai da guminta har ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. A ƙarƙashin tsarin Perez, sai dai ta jira a buɗe mata ƙaramar ƙofa.

Shi ya sa magoya bayan ƙungiyoyin da za su amfana ne ma suka fi kowa fusata. Na Chelsea suka tare motar 'yan wasansu a bakin Stamford Bridge ranar 20 ga Afrilu, har Petr Cech, tsohon mai tsaron gidan ƙungiyar, ya fito yana ba su haƙuri, na Manchester United kuma suka kutsa cikin Old Trafford ranar 2 ga Mayu, aka ɗage wasansu da Liverpool.

Isiyaku:

Malam Habu, da girmamawa, bayaninka daidai ne amma da idon Ingila kaɗai ka kalli lamarin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masu zagin Super League daga Ingila sun manta cewa gasarsu ta riga ta zama Super League ɗin da suke ƙi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana karɓar sama da fam miliyan 100 a kaka ɗaya daga rabon gasar, abin da akasarin ƙungiyoyin Italiya da Sifaniya masu tarihi ba sa gani. A kasuwar 'yan wasa ta Janairun 2023, Chelsea ita kaɗai ta kashe fiye da abin da dukkan ƙungiyoyin La Liga da Serie A da Bundesliga da gasar Faransa suka kashe a haɗe. Yaya ake son AC Milan ko Atletico ta yi gogayya da wannan?

Ga kuma ƙungiyoyin da dukiyar ƙasashe ke bayansu. Attajiran Abu Dhabi sun sayi Manchester City a 2008, Qatar ta sayi PSG a 2011, kuma wata shida kacal bayan an gama murnar ceto ƙwallo daga masu kuɗi, asusun zuba jari na Saudiyya ya karɓi Newcastle a Oktoban 2021. Real Madrid da Barcelona mallakar mambobinsu ne, waɗanda ke zaɓen shugaba da ƙuri'a, ba su da wani basarake da zai cike musu giɓi. Lokacin da PSG ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017, farashin kowane ɗan wasa ya tashi. Abin dariya shi ne, shugaban PSG ɗin, Nasser Al-Khelaifi, shi aka ba shugabancin ƙungiyar kulob-kulob ta Turai bayan Andrea Agnelli, shugaban Juventus na lokacin kuma ɗaya daga cikin jagororin Super League, ya sauka, aka mai da shi gwarzon da ya tsaya wa talaka.

Maganar buɗaɗɗiyar ƙofa ma a yi ta da adalci. Tun da Porto ta ɗauki kofin a 2004, babu wata ƙungiya daga wajen manyan ƙasashe biyar, wato Ingila da Sifaniya da Jamus da Italiya da Faransa, da ta sake ɗaukarsa. Steaua Bucharest ta ci a 1986, PSV a 1988, Red Star Belgrade a 1991, Ajax a 1995, kuma UEFA ce da hannunta ta rufe wannan zamani ta hanyar ƙara wa manyan ƙasashe gurabe. Tun 2018 Ingila da Sifaniya da Jamus da Italiya kowacce ke da gurbi huɗu kai tsaye, wato rabin gasar ke nan a lokacin da take da ƙungiyoyi 32. Perez dai ya fito fili ya faɗi abin da wasu ke yi a hankali.

Hajiya Balaraba:

Ina so in gyara wani abu da ake yawan faɗa ba daidai ba, domin yana da alaƙa da tambayar Malam Sani ta wanda zai riƙe asusu. Hukuncin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke ranar 21 ga Disamba 2023 bai halatta Super League ba, kuma kotun da kanta ta ce hukuncin ba ya nufin dole a amince da gasar. Abin da ta ce shi ne, dokokin UEFA da FIFA na neman izini kafin a kafa sabuwar gasa, da barazanar hukunta ƙungiyoyi da 'yan wasa, sun saɓa wa dokar gogayyar kasuwanci ta Tarayyar Turai, saboda ba a gina su kan bayyanannun sharuɗɗan da suka shafi kowa daidai ba. A nan Malam Isiyaku yana da hujja, domin hukuma ɗaya ce ke yin doka, ita ke shirya gasa, ita ke sayar da haƙƙin nunawa, ita kuma ke yanke hukuncin ko wani zai iya kafa gasar da za ta yi gogayya da tata.

Sai dai ku lura da abin da kamfanin A22, mai tallata gasar, ya gabatar a ranar hukuncin: ƙungiyoyi 64 a rukuni uku, da hawa da faɗuwa, babu kujerar dindindin. Wato su da kansu sun jingine abin da Malam Habu ya yi suka a kai, wanda ke nuna sun gane inda aka kayar da su. Duk da haka, a ranar Manchester United da Bayern Munich da Atletico Madrid suka fitar da sanarwar cewa suna tare da UEFA. A Birtaniya kuma rikicin ne ya gaggauta binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta, wanda ya kai ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta da ke da ikon hana ƙungiyoyin Ingila shiga irin wannan gasa.

Sani Mai Tamaula:

Na gode, Hajiya, na ƙaru ƙwarai. Amma Malam Habu, a Amurka gasannin NBA (ƙwallon kwando) da NFL (ƙwallon ƙafa irin na Amurka) rufaffu ne, babu mai faɗuwa, kuma kofi yana zagayawa tsakanin ƙungiyoyi fiye da yadda yake yi a Jamus, inda Bayern ta ci sau 11 a jere, ko Italiya, inda Juventus ta ci sau tara. Ashe rufe ƙofa ba lallai ya kashe gasa ba?

Malam Habu:

Gaskiya ne, Malam Sani, kuma ba mamaki ba ne a ce masu Manchester United da Liverpool da Arsenal, waɗanda duk Amurkawa ne masu ƙungiyoyin wasanni a can, su suka fi sha'awar tsarin, har Joel Glazer na Manchester United ya zama mataimakin shugaban gasar. Amma abin da ke sa kofi zagayawa a Amurka shi ne an ƙayyade albashin da ƙungiya za ta biya, kuma ƙungiyoyin da suka fi rauni su ake fifitawa wajen zaɓen sababbin 'yan wasa masu tasowa. Ban da haka, waɗannan gasanni su ne kaɗai a saman wasanninsu, ba sa komawa ƙarshen mako su kara da ƙananan maƙwabta da ba su da rabo a cikin dukiyar. Masu Super League sun so kariyar da tsarin Amurka ke bayarwa, su kuma ci gaba da mamaye gasannin gida.

Game da kukan Malam Isiyaku, na yarda giɓin da ke tsakanin Ingila da sauran ƙasashe na gaske ne, kuma na yarda UEFA ba ta da tsabtar hannu. Hasali ma, barazanar ɓallewa ita ce sandar da manyan ƙungiyoyi suka daɗe suna kora ta da ita. Da kamfanin Media Partners na Italiya ya kawo irin wannan shiri a 1998, sai UEFA ta faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 32 a 1999, ta ba manyan ƙasashe damar kawo har huɗu. Sabon tsarin da ya fara a 2024 ya ɗaga yawan wasanni daga 125 zuwa 189, kuma biyu daga cikin sababbin gurabe huɗu suna zuwa ne ga ƙasashen da ƙungiyoyinsu suka fi ƙoƙari a kakar da ta gabata, abin da ya taimaka wa Ingila ta shiga da ƙungiya shida a kakar 2025/26.

Inda na rabu da shi shi ne zaton cewa ƙarin kuɗi zai warkar da su. Barcelona ba ta rasa kuɗin shiga ba, tana cikin waɗanda suka fi kowa samu a duniya. Kuɗin Neymar ta zuba kan Dembele da Coutinho, kowanne sama da yuro miliyan 100, ta ƙara Griezmann kan miliyan 120 a 2019. A Agustan 2021 shugabanta Joan Laporta ya ce bashin ƙungiyar ya kai yuro biliyan 1.35, albashi kuma ya zarce abin da ke shigowa, shi ya sa ta kasa riƙe Messi. Annobar korona ta tsananta ciwon, amma ba ita ta haifar da shi ba. Duk sanda kuɗin talabijin ya ƙaru tun daga 1992, albashi da ladan dillalai ke lashe shi, domin ƙungiyoyin da junansu suke tsere kan 'yan wasa ƙalilan. Da an raba biliyan 3.5 ɗin nan, da cikin 'yan shekaru an koma gidan jiya, sai dai farashi ya ninka. A ganina dokar UEFA da ta ce kada kuɗin albashi da sayen 'yan wasa da na dillalai ya wuce kashi 70 cikin 100 na abin da ƙungiya ke samu ta fi kusa da maganin, muddin za a zartar da ita kan PSG da Manchester City da Real Madrid kamar yadda za a zartar kan ƙaramar ƙungiya daga Portugal ko Belgium.

Isiyaku:

A kan wannan sharaɗi na ƙarshe muke jayayya, Malam. UEFA ta haramta wa Manchester City gasannin Turai na shekara biyu a Fabrairun 2020, kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta soke haramcin a Yuli, ta rage tarar daga yuro miliyan 30 zuwa 10. Ranar da na ga an fitar da ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi daga gasar Zakarun Turai saboda kashe kuɗi, kuma hukuncin ya tabbata, zan dawo in amsa maka cewa Perez bai da hujja.