Ruwan rijiya kusa da kamfanoni a Ikorodu: tafasawa ta wadatar ko sai an haƙa burtsatse?

Ɗan Sabo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin abin. Masallacinmu yana ɓangaren Odogunyan, ba nisa da katangar wani kamfanin narka ƙarfe, kuma akwai babbar kwata da ta ratsa bayan layin, ruwanta wata rana baƙi, wata rana ja-ja da kumfa. Rijiyar da ake alwala da ita, wasu gidajen ma sha suke yi, in ruwanta ya kwana a bokiti sai a ga ja ya kwanta a ƙasa. Kwamiti ya rabu biyu: wasu sun ce a tara kuɗi a haƙa burtsatse, wasu sun ce a riƙa sa alif ana tafasawa, shi ke nan. Wanne ne daidai? Kuma in kamfanin ne ya jawo, wa ake kai wa ƙara?

Mai Burtsatse, Agege:

Wa alaikumus salam. Malam, ku dakata da tara kuɗin tukuna, ku kuma daina dogaro da tafasawa. Jan nan na gindin bokiti galibi sinadarin ƙarfe ne, kuma ƙasar Legas da kanta tana da shi ko babu kamfani a kusa. Ruwan yakan fito garau, in ya sha iska sai ya yi tsatsa ya kwanta. Yana ɓata farar riga da ɗanɗanon shayi, amma ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro su ne ƙarafa masu guba irin dalma da kadmiyam da kuromiyam, domin a adadin da suke cutar da mutum ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jinsu. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Dalma tana nan daram, ƙaruwa ma take yi a cikin abin da ya rage tunda ruwa ya tafi a tururi ita ba ta tafi ba. Alif kuma laka yake kwantarwa.

Don haka gwaji ne farko. Ku je ɗakin gwaje-gwaje ku karɓo kwalabensu, kada ku yi amfani da robar lemo. Na jami'ar Legas a Akoka, ko FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, a Oshodi, ko na hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, a Alausa, duk ana iya tambaya. Kwalba uku ake so. Ta ƙwayoyin cuta a rufe take zuwa, ba a ɗauraye ta, ba a taɓa bakinta, a sa ta cikin kula da ƙanƙara a kai ta cikin awa 6. Ta ƙarafa masu guba roba ce ta lita ɗaya, su za su ɗiga mata asid don kada dalmar ta manne a jikin robar sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. In ruwan yana warin fetur ko kalanzir, sai ta uku, ta gilashi mai duhu, a cika ta maƙil ba a bar iska. Inda akwai famfo a bar shi ya zuba na minti 10 zuwa 15 kafin a ɗiba.

In takarda ta fito ku gwada ta da ma'aunin ruwan sha na Najeriya: dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05, naitiret (sinadarin da ke zuwa daga taki da bahaya) 50, sinadarin ƙarfe 0.3, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5, ƙwayar cutar bahaya kuwa sifili. Ku lura da pH ɗin. Ruwan ƙasa a wurare da yawa na Legas yana da tsami, yakan sauka ƙasa da 6.5, kuma ruwa mai tsami ya fi narkar da ƙarafa, daga ƙasa da kuma daga kawunan famfo marasa kyau. A maimaita gwajin da damina da rani, ba ɗaya suke fitowa ba.

Maganar burtsatse kuma, da yawan abin da ake haƙa wa mutane a unguwanninmu rijiya ce mai siririn baki. An tsaya a mita 20 ko 30, ana jan ruwan saman nan da kwatar take shiga. Mai kyau sai ta huda shimfiɗar yumɓu ta wuce, a sa faif mai huda-huda a ƙarƙashin yumɓun kaɗai, a zuba tsakuwa wankakkiya, sannan a cike tsakanin faif da bangon rami da siminti aƙalla mita 6 daga sama, a yi daɓen kankare mai gangara a baki. Wannan simintin shi masu araha suke tsallakewa, saboda ba wanda ke leƙawa, kuma ta nan ruwan kwata ke bin jikin faif ya gangara har ƙasa. A nisanta ta da sokawe da kwata kamar mita 30. Ku tuna Baruwa ta wajen Ipaja, inda man da ya yoyo daga bututu ya shiga rijiyoyi tun shekarun 1990 aka shafe shekaru ana fama. Ruwan ƙasa in ya lalace ba ya gyaruwa da wuri.

Injiniya Na Ogba:

Abin da Mai Burtsatse ya faɗa haka yake. Bari in ƙara ta ɓangaren kwatar, don canjin launin nan yana da ma'ana.

Duk kamfanin da ke fitar da gurɓataccen ruwa doka ta ce ya tace shi kafin ya sake shi. Tsarin bai da wuyar fahimta: ruwa ya bi ta raga a tare tarkace, ya shiga babban tanki ya gauraya, a daidaita tsaminsa da laim ko soda ya dawo tsakanin pH 6 da 9, a zuba alif datti da ƙarafa su dunƙule su kwanta, in kuma kamfanin abinci ne ko na lemo ko masaƙa, a wuce da shi tankin da ake hura wa iska ƙwayoyin halitta su cinye dattin. A ƙarshe ruwa ya fita ta sama, taɓo ya zauna a ƙasa.

Inda ake samun matsala wuta ce. Injin hura iskar nan dare da rana yake so. Aka ɗauke wuta, manaja ya duba kuɗin man gas ya ce a kashe ɓangaren tacewa a bar na aiki, ƙwayoyin nan sai su mutu, tankin ya yi baƙi ya yi ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma kafin su farfaɗo sai an yi makonni. A wannan tsakanin ne ake buɗe bututun ɓoye a sake ruwan yadda yake, galibi da tsakar dare ko lokacin da ake tafka ruwan sama. Shi ya sa rafuka irin Odo Iya Alaro, wanda ya ratso Ogba da Ikeja ya bi ta Ojota, suka daɗe suna ɗaukar kayan da ba nasu ba zuwa tafkin Legas, inda masunta ke kamun kifin da muke saya.

Taɓon da ya kwanta ma matsala ne, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Duk gubar da aka cire daga ruwa a cikinsa take. Haka tokar narka ƙarfe da kashin ƙarfen da ake tarawa bayan katanga. Sai ka ga an ba mutanen unguwa kyauta su cike ramukan hanya ko fili mai fadama, suna ta godiya. Malam, in an taɓa zuba muku irin wannan cikon kusa da rijiyar, ku faɗa wa masu gwajin.

Amma gaskiya guda: kamfanin narka ƙarfe ya fi ɓarna ta sama fiye da ta kwata. Tarkacen da ake zubawa a tanderu akwai fenti, baƙin mai, roba, har gutsattsarin batir. Ya kamata hayaƙin ya bi ta hular tsotsa zuwa buhunan tace ƙura. In buhu ya yage ba a canza ba, ko an kashe fankar, ƙurar a kan rufinku za ta sauka. Masu tarar ruwan sama su zubar da na farko. Wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta jawo mutuwar mutane kusan 11,200 a Legas a 2018, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5, duk da cewa motoci da janareto suna da babban kaso a ciki.

Malamar Asibiti, Idi-Araba:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, ni yaran nake ji. Babba ya yi alwala ya tafi, yaro kuwa a ƙasa yake wasa, hannu a baki, kuma cikinsa ya fi na babba tsotsar dalma nesa ba kusa ba, musamman in yana da ƙarancin jini ko ciki ba abinci. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba, Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu. Can ma ba ruwa ne babbar hanyar ba, ƙura ce a tsakar gida.

Alamunta suna ruɗarwa: ciwon ciki, taurin bahaya, rashin cin abinci, saurin fushi, yaro ya daina gane karatu. Sai ta yi yawa ake ganin jijjiga, a ɗauka shafar aljanu ce ko zazzaɓin da ya hau kai. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa, kuma dole a faɗa wa likita cewa na dalma ake so, ba ya cikin gwajin da aka saba. A wanke hannun yaro da sabulu sosai kafin a ɗiba, na jijiya ya fi na yatsa tabbas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 na dalma a desilitar jini a nemo inda take shigowa a toshe. Maganin fitar da ita sai ta kai wajen 45 ake ba yaro, kuma a asibiti, ba a kemis ba. In an yi maganin aka mayar da yaro gidan da ƙurar take, an yi aikin banza.

Kafin nan: a daina sharar tsakar gida a bushe, a yayyafa ruwa, ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Mai aiki a kamfanin ko wajen gwangwan ya cire kaya da takalmi a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, a wanke kayansa daban. Mata masu ciki da masu dama wa jarirai madara su koma wani ruwan har sakamako ya fito. Iyaye mata kuma a rage sa wa jarirai kwalli, wani akwai dalma a cikinsa.

Alhaji Na Owode:

Duk na ji, Allah ya saka. Sai dai ku yi hattara da maganar a rufe kamfani. Su wa ke kai musu ƙarfen? 'Yan'uwanmu ne, daga mai tura kura yana bin layi har masu sikeli a Owode Onirin. Rufewa ta wata guda gidaje nawa za su kwana da yunwa? Gyara za a nema.

Kuma mu ma mu duba namu. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Yaran da ke fasa shi da adda su tuttular da ruwan a ƙasa don ya yi sauƙin ɗauka, wannan ruwan asid ne mai ɗauke da dalma, rijiyar maƙwabci za shi. A sayar da batir a rufe da ruwansa, a jera shi a tsaye a kan daɓe ƙarƙashin rumfa. Ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe ma a bari, a feƙe ta da wuƙa, ta fi daraja a sikeli.

Ɗan Alausa:

Alhaji ya yi gaskiya, kuma neman gyaran ma sai da hujja. Malam, fara da tantance jihar da kamfanin yake. Odogunyan Legas ce, LASEPA ke da ita. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa Ogijo, inda masu narka tsoffin batura suka yi yawa, ka shiga Ogun, nan kuma OGEPA ce, hukumar kare muhalli ta jihar. Hukumar muhalli ta tarayya NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da hurumi a duka biyun, don haka a ba ta kwafi.

Kada ku je da baki. Ku samu littafi, mutum biyu su riƙa rubuta rana da lokaci da launin ruwa ko hayaƙi na tsawon wata guda, da hoto ko bidiyo da ke nuna bakin bututun da ruwan ke fitowa, daga kan hanya, ba tare da an haura katangar kowa ba. Ku haɗa da sakamakon gwaji, har da na ruwan kwatar, ɗaya daga sama da kamfanin ɗaya daga ƙasa da shi, don a ga bambanci. Takardar ta fito da sunan ƙungiyar ci gaban unguwa, Baale, wato mai unguwa na Yarbawa, da Sarkin Hausawa su sa hannu tare. In ta fito daga masallaci kaɗai, sai a mayar da ita rigimar baƙi da 'yan gari. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe. A ciki ku nemi abu takamaimai: a zo dubawa ba tare da sanarwa ba, a ɗebi samfur a gabanku, a nuna rahoton tasirin muhalli da dokar 1992 ta wajabta kafin a kafa babban kamfani.

Ɗan Sabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Kuɗin da ke hannu ba zai yi duka ba. Me za mu fara, kuma in an samu dalma akwai matatar da ke cire ta?

Mai Burtsatse, Agege:

Ku fara da dalma da pH da ƙwayar cutar bahaya a ruwan rijiyar, sai jinin yara biyu ko uku na gidajen da suka fi kusa da katangar. In an samu dalma a ruwan, tankin yashi da gawayi da ake haɗawa a unguwa ba abin dogaro ba ne, ja da wari yake ragewa. Injin tace ruwa da ake kira RO yana cire ta, amma sai an sa masa matatar sinadarin ƙarfe a gaba, in ba haka ba tsatsa za ta toshe shi cikin 'yan watanni, kuma yana zubar da ruwa mai yawa a gefe wanda ba a sha ba a girki da shi. Ƙarami na sha da girki kaɗai ya ishe ku. Bayan an kafa shi a sake kai ruwan da ya fito gwaji kafin a ce wa mutane su sha.