Inna za ta Legas suna, mota za mu bi ko jirgi?

Abban Hanifa: Salamu alaikum ƴan zaure, shawara nake nema don Allah. Matar ƙanena ta sauka jiya Alhamis can Agege, an samu namiji, kuma Inna ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta je sunan nan don shi ne ɗan fari. Shekarunta sun haura 70, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, kuma ba ta taɓa wuce Kwantagora ba. Daga Birnin Kebbi za mu tashi, ni da ita da ƙanwata. Na duba kuɗin jirgin sama gabana ya faɗi wallahi.

Maman Sadiƙ: Wa alaikumussalam, barka barka, Allah Ya raya. Abban Hanifa ni dai aikin jinya nake kuma gaskiya zan faɗa maka, kar ka sa tsohuwar nan a bas ta yini ta kwana a zaune. Tafiyar ta haura kilomita 800 fa. Ƙafa na kumbura, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa in an daɗe ba motsi, kuma abin da ya fi damuna iyayenmu mata in sun shiga mota ƙin shan ruwa suke don kunyar cewa direba ya tsaya su kewaya, sai a sauka da su jiki duk ya bushe. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Albasa Aliero: Hajiya gaskiya kinka hwaɗi amma a duba aljihu ma. Ni hanyar ga nika bi kusan duk wata, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, a haye gadar Jaba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun sannan Legas. In Allah Ya sa hanya ta yi kyau awa 16 zuwa 18, in tirela ta hwaɗi tsakanin Makwa da Jaba ko wajen Ogbomosho to sai yadda Allah Ya yi, akwai ranar da munka kwana wuri guda motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Tun da anka cire tallahin mai a 2023 kuɗin mota ya hau, amma ko hakan abin da mutum guda zai biya a jirgi ya kai ku ukun a mota har da canjin abinci.

Ɗan Argungu: To jirgin ƙasa fa? Na ji ana yabonsa

Baba Malam: Ɗana ai Kabi ba mu da dogo. Tsohon layin da Turawa sunka shimfiɗa daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda tun 1929, don gyaɗa da auduga da fatu anka yi shi, bai ƙaraso Sakkwato ba balle nan. Ina saurayi mota muka hawa zuwa Gusau mu shiga jirgi, a canza a Zariya, kwana biyu wani lokaci har uku kahin a ga Ikko, wato Legas. Akwai jinkiri ƙwarai amma kana miƙe ƙahwa, kana alwala, kowace tasha mata na kawo hura da dahwahwen ƙwai ta taga. Da wannan jirgin na nan yadda na san shi da shi zan ce a sa Innarku.

Injiniya: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Na zamanin da ake yabo su ne na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe 2016, daga Idu zuwa Rigasa, sai na Legas zuwa Badun na 2021, sai na Itakpe zuwa Warri. Na Kaduna ba hanyarku ba ne sam. Amma na Badun ɗin nan zai yi maku amfani kuma mutane da yawa ba su lura ba, tashar tana Moniya ne, bakin shiga Badun in ka fito daga Oyo, wato kan hanyarku take, kuma jirgin yana tsayawa a Agege kafin ya ƙarasa Ebute Meta. Wajen awa biyu da rabi, ga esi ga banɗaki, ka huta da goslo ɗin shiga Legas ta Baga (Berger) wanda shi kaɗai yana iya cin awa biyu. Sai dai ba kowane lokaci yake tashi ba, a duba jadawali a sayi tikiti ta intanet tun da wuri kuma kowa ya riƙe katin NIN ɗinsa.

Abban Hanifa: Wallahi ban san yana tsayawa Agege ba, gidan ƙanen nawa ba nisa da tashar

Mai Albasa Aliero: To in mota za a yi ga yadda nika yi in da iyali. Kar ku shiga homa bas mai cunkoso, ku samu Siyena ko Sharon, ka biya mata wurin mutum biyu ko kujerar gaba. Ka je tasha tun daren jajibirin tafiyar ka yi magana da ƴan kamasho ka ga direban da idonka, ku tashi ana sallame Asuba. Kuma don girman Allah kar ku bi dare, kowa ya san halin da dajin Neja ke ciki, duk direban da ya ce bari mu ƙara taɓawa bayan Magariba ku ce a'a. Ku kwana Ilori, da sahe ku ƙarasa Moniya. Ku riƙe buta da tabarma da ruwanku.

Maman Sadiƙ: Alhaji wannan tsari ne mai kyau ga mai lafiya, amma lissafa mani, kujera biyu, masauki a Ilori, abincin kwana biyu, tikitin jirgin ƙasa, sannan ta isa a gajiye ranar suna tana kwance ba ta ga taro ba. In aka ce an kai ta kemis ko asibiti a Legas ai rarar da aka yi ta tafi. Ba dole ku uku ku hau jirgin sama ba, ita da ƙanwarka su hau, kai ka bi mota da kaya.

Anti Bilki: Haka muka yi da Hajiyarmu bara da za ta Umara ta hanyar Legas. Bari in faɗa maka abin da na koya. Filinmu na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ba kullum ake samun tashi ba, kuma lokacin da muka bi sai da muka sauka Abuja muka canza, kowanne wajen awa ɗaya ne a sama. In ranar ba ta dace ba a duba Sakkwato, awa biyu ne a mota. Abin da ya ƙona mani rai shi ne mun sayi tikiti kamfani biyu daban, na farko ya ɗage tashi da awa huɗu ba bayani sai saƙo a waya, muna isa Abuja na Legas ya tafi, suka ce ba ruwansu tunda ba su suka makarar da mu ba, sai da muka ƙara kuɗi muka kwana gidan ƴan uwa a Kubuwa. In da hali kamfani ɗaya, in babu a bar tazara mai yawa tsakani. Kuma kar a sa tafiyar ranar Laraba jajibirin suna, Litinin ko Talata.

Injiniya: Ƙari kan na Anti, wajen sayen tikiti ka nemi keken guragu, za su tura ta har bakin jirgi, kar ta ji nauyin hakan. Maganinta a jakar hannu ba a akwati ba. Kuma ka tambayi wane gini za su sauka a filin jirgin Legas da ke Ikeja don na jiragen cikin gida biyu ne, kar ƙanenka ya tsaya ɗaya suna ɗaya. Daga can zuwa Agege ba nisa.

Abban Hanifa: Matsalar kayan ce, ta haɗa buhun shinkafa, kifin Yawuri, daddawa, man shanu galan guda, kanwa da gero na kunun mai jego

Anti Bilki: Kai wannan ai ba na jirgi ba ne, kilo 15 zuwa 20 suke bari gwargwadon kamfani, abin da ya ƙaru kowane kilo da kuɗinsa, man shanun ma ba za su bari a jakar hannu ba.

Mai Albasa Aliero: Kawo su Aliero gobe Asabar, muna lodin albasa zuwa kasuwar Mayil 12 a Legas, in sa yaro ya kula da su, Litinin in sha Allah ƙanenka ya je ya amsa. Ba ko sisi. A ɗaure bakin galan ɗin da leda da roba, a rubuta suna da lambar waya jikin kowane buhu.

Baba Malam: Kuma tunda ba ta taɓa hawa ba a zaunar da ita a gaya mata kunne zai toshe in an tashi da in za a sauka, ta riƙa haɗiyar miyau ko ta tauna goro. Ta yi addu'ar hawa abin hawa, sallah kuwa matahiya ce, ta yi ƙasaru.

Abban Hanifa: Allah Ya saka da alheri Ya bar zumunci. Mun yi waya da ƙanen nawa zai ɗauki rabin kuɗin, Inna da ƙanwata za su tashi Talata, ni zan bi mota Litinin da Asuba in kwana Ilori in gwada jirgin Moniya ɗin, in na ga za ta iya sai mu dawo ta nan a hankali bayan ta huta sati biyu. Alhaji gobe da hantsi ina nan tafe da kayan.

Mai Albasa Aliero: Sai ka zo, ka kira ni in ka wuce Jega.