Wai da gaske zaman unguwa na da ya fi na yanzu daɗi?

Autan_Gida:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1950 da na 1960. Mahaifina in aka zauna hira har yau yana iya lissafo gidajen layinsu ɗaya bayan ɗaya da sunan kowa har yaran gidan, mu kuwa yanzu maƙwabcin da kuke katanga ɗaya sai a yi wata ba a haɗu ba. Me ya haɗa ku haka ne, ko dai kewar ƙuruciya ce kawai?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifinka bai ƙara gishiri ba wallahi. Ni a ganina buƙata ce ta haɗa mu, kowa na buƙatar kowa. Wurin ɗiban ruwa ɗaya ne, dole ku haɗu da safe ko kuna so ko ba kwa so. Babu waya, yara ne 'yan aike, shi ya sa ba gidan da ba mu san cikinsa ba. Rediyo kuwa gida ɗaya ko biyu ke da ita a layi gaba ɗaya, ƙaramar nan mai batir ta transisto sai a 1954 ta fara fita kasuwa a Amurka kuma an ɗau shekaru kafin ta zo hannun talaka, to in dare ya yi sai a taru a ƙofar gidan mai rediyo, manya a gaba mu yara a raɓe a baya. A nan muka ji Rasha ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a 1957, muka yi ta ɗaga kai sama muna nemansa. A nan muka ji Muhammad Ali, lokacin yana Cassius Clay, ya doke Sonny Liston a 1964, washegari kowane yaro ya zama ɗan dambe. Da aka ce Neil Armstrong ya taka wata a 1969 kuwa, musun da dattawan layinmu suka yi ba a magana. Labari ɗaya kowa ya ji a lokaci ɗaya, ka ga dole a samu abin hira.

Hajiya_Kaka:
Jikata ce ke rubuta min. Malam ya faɗi gaskiya, ɗa na kowa ne a lokacin, kowace uwa a layi tana da ikon tsawata maka kuma ba ka isa ka kai ƙara gida ba. Da mahaifiyarmu ta yi doguwar jinya maƙwabciyarmu ce ta riƙe mu, ta yi mana wanka ta kwantar da mu cikin 'ya'yanta, ba wanda ya roƙe ta. Amma ɗana kar a ɓoye maka, akwai kuka a ciki. Ƙyanda in ta shigo unguwa sai ta bi gida-gida, rigakafinta sai 1963 aka samu, agana kuma sai 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita. Ƙawayena da muke wasan ɓuya tare wasu ba su kai aure ba. Shi ya sa maƙwabtaka ta yi ƙarfi, don ranar da abu ya same ka su ne a kanka kafin danginka su ji.

Injiniya_M:
Ni ban ga zamanin ba Baba, amma a duba yawan jama'a ma. A 1950 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane, yanzu sun haura rabi. Mutum haya yake, bana yana nan baɗi ya tashi, ya fita da asuba ya dawo da dare, yaushe zai san maƙwabci? Sai kuma talabijin da ta zaunar da kowa a ɗaki.

Tsohon_Malami:
Maganar haya haka take Injiniya, mu a gidan da aka haife mu muka girma, abokanmu ma haka. Amma talabijin kam da farko tara mu ta yi fa, gidan da ya fara saye tsakar gidansu cika yake da yaran layi har kan taga, mai gidan bai taɓa korar kowa ba. Sai da kowane gida ya sayi tasa sannan aka daina zuwa.