An ce guguwar ta sauya rukuni, in bar shi ya zauna?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana karatu a wani gari na bakin teku, kwana uku ke nan ana gargaɗin mahaukaciyar guguwa ta nufo su. Yau da safe ya kira ni, wai masu hasashen yanayi sun cire ta daga rukunin guguwar yankin zafi, don haka ya fasa barin garin. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ta mutu ke nan? In ƙyale shi ko in matsa masa ya tashi?

Wani malamin labarin ƙasa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada sauyin sunan ya ruɗe ki, domin yana magana ne a kan inda guguwar ke samo ƙarfi, ba yawan ƙarfin ba. Tun asali ruwan teku mai ɗumi ke ciyar da ita, mai zafin digiri 26 zuwa sama, tsakiyarta ma ɗumi gare ta. Idan ta hau ruwan sanyi ko tudu sai ta rasa wannan siffa, daga nan hanya ta rabu biyu. Wata takan zama ɓurɓushi kawai: hadarin ya watse, iskarta ba ta kai kilomita 63 a sa'a ba. Wata kuwa takan rikiɗe ta koma irin guguwar yankin sanyi, tana samun ƙarfi daga karon iska mai ɗumi da mai sanyi. Wannan ta biyun ce abin tsoro, don takan buɗe ta yi faɗi, iskarta ta mamaye wurare fiye da da. Ki tambaye shi wacce aka ce a cikin biyun.

Wata 'yar uwa:
Hajiya, ki tuna masa da guguwar Sandy. A ranar 29 ga Oktoban 2012 an riga an sauya mata rukuni kafin ta faɗa gaɓar jihar New Jersey a Amurka, amma iskarta na gudun kilomita 130 a sa'a, ruwan teku kuma ya malale cikin New York. Ruɗanin da sunan ya jawo ne ya sa a 2013 cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami ta gyara ƙa'idarta, ta yadda gargaɗi zai ci gaba ko da an sauya rukuni. Haka guguwar Fiona ta yi wa gabashin Kanada ɓarna a Satumban 2022.

Wani ɗan uwa:
Ko ɓurɓushin ma yakan zubar da ruwan da zai kawo ambaliya. Mama, abin dubawa shi ne umarnin hukumar garin. In ba su janye umarnin tashi ba, ya tashi yau, tun hanya na buɗe.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na kira shi ya duba, irin ta biyun ce, kuma umarnin na nan daram. Yanzu haka yana haɗa kaya. Ku sa shi a addu'a.