Hoton kare mai dogon gashi ya gagare ni, kuma ina ne asalinsa?

Mai Hoton Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 9 ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Jos, amma Asabar ɗin da ta wuce na gamu da aikin da ya tsaya mini a rai. Wani bawan Allah a Rayfield ya kira ni in ɗauki karensa, zai shigar da shi gasar karnuka. Irin na ƙasar Afganistan ne: doguwar fuska, gashi baƙi wuluk yana zubowa har ƙafa kamar siliki, ƙarshen wutsiya a nannaɗe kamar zobe. Ban taɓa ganin irinsa ido da ido ba. Wajen ƙarfe 1 na rana na yi ta ɗauka. Da na buɗe a kwamfuta sai tulin baƙin abu, ba ido ba siffa, hotunan gudu kuwa duk sun dushe. Mutumin ya yarda in koma Asabar mai zuwa. Don Allah me zan gyara? Sannan ya ce mini wai irin karen da Annabi Nuhu (AS) ya shiga jirgi da shi ne. Haka ne?

Baba Na Tamines:
Wa alaikumus salam ɗana. Ranar tsaka ce ta fara cutar ka. Baƙin gashi ba ya son hasken da ke saukowa daga bisa kai. Ka je da ƙarfe 7 na safe ko bayan La'asar, lokacin da haske ke zuwa daga gefe, sai ka ga kowane silin gashi ya fito da sheƙinsa. Yanzu da hazon hunturu ya sauka ma ka yi sa'a, yana tausasa haske. Filasha kuwa ka bar ta a jaka.

Abu na biyu, kuma na san shi ka yi, a tsaye ka ɗauka yadda ka saba da amarya da ango. Durƙusa za ka yi, kyamara ta daidaita da kafaɗar karen, ka ja baya sosai ka jawo shi da dogon gilashi, mai milimita 70 zuwa 200 in kana da shi. In ka matsa kusa, kan karen zai yi ƙato, ƙafafu su gajarce, alhali tsayin ƙafa da wuya su ne adon wannan kare. Mai shi ya tsayar da shi a gicciye, kansa na kallon hagunka, ƙafafun gaba a miƙe sambal, na baya a ɗan ja su, kai a ɗage. Gefen hagu shi alƙalin gasa ya saba gani. Fokos a kan ido kullum. Hoton gudu kuwa kada saurin shota, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, kada ka ji tsoro. Ka lura da iska, ta riƙa bugun fuskarsa gashi ya koma baya. Abin da ke bayansa a hoton ya zama mai haske, busasshiyar ciyawa ko dutsen nan namu, ban da baƙar mota da inuwar mangwaro.

'Yar Vom:
Yaya Mai Hoto, zancen jirgin Annabi Nuhu labari ne da masu kiwonsa suka daɗe suna yawo da shi, babu hujja a kai. Amma tsufan irin gaskiya ne. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2004 ya sa shi cikin tsofaffin jinsunan karnuka, kusa da saluki na Larabawa. A Afganistan tazi suke ce masa, da ido yake farauta ba da hanci ba, yana bin zomo da barewa. Gashin nan da ya wahalar da kai rigar sanyin duwatsu ce.

Sojojin Ingila ne suka kai shi Turai. A 1907 Kyaftin John Barff ya zo da wani mai suna Zardin daga Indiya, har Sarauniya Alexandra ta nemi a kawo mata shi fadar Buckingham ta gani, kuma siffarsa aka bi wajen rubuta ƙa'idar farko ta yadda irin ya kamata ya kasance. A 1920 Manjo Bell-Murray da matarsa suka kai wasu karnukan ƙasar Sikotilan daga Balucistan, masu ƙarancin gashi, na ƙasar zafi. A 1925 Mary Amps ta kawo nata daga Kabul, masu cikar gashi, na kan tudu. Haɗuwar biyun ta haifar da na gasa da ake gani yau. Karen farko da aka kwafo daga ƙwayar halittar wani kare a ɗakin gwaji ma, Snuppy, a Koriya ta Kudu a 2005, wannan irin ne.

Roƙona ɗaya: ka ce wa mai shi ya duba kaska bayan kun fito daga ciyawa. Cikin gashin nan sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba, abin yana damuna ƙwarai.

Jikan Mafarauci, Bukuru:
Hajiya kin tuno mini kakana. Yakan ba mu labarin karnukan Buzaye na Nijar da Mali, azawak, dogaye sirara, gashinsu gajere, su ma da ido suke bin barewa. Malam, ka nemi hoto ɗaya yana gudu a fili ƙafafu huɗu duk a sama. Karen farauta ne kafin ya zama na kwalliya.

Mai Hoton Gangare:
Allah Ya saka da alheri. Baba, saura ɗaya: ƙasusuwan ƙugunsa sun fito sosai, na ɗauka rama ce, har na yi niyyar shafe su a kwamfuta.

Baba Na Tamines:
Kul ɗana, kada ka taɓa su. Halittarsa ce, alƙalai ma suna neman su. Haka gajeren gashin da ke kan gadon bayansa, shi ma ka bar shi ya fito. Ka tafi da mataji da tsumma mai ɗan danshi saboda jar ƙura, mai shi ya riƙa gyara gashin kafin kowane ɗauka.