Wai me ya sa ake zuzuta jirgin Dreadnought haka?

Direban Tanka, Apapa:
Assalamu alaikum jama'a. Muna kan layi muna jiran lodi, yaron motata ya nuna min bidiyon wani tsohon jirgin ruwan yaƙin Ingila, Dreadnought. Mai bayani cewa yake wai daga ranar da ya shiga ruwa duk jiragen yaƙin duniya suka zama tsohon yayi. Ni dai hayaƙi na gani da ƙarfe, ban ga abin ruɗu ba. Masana ku fahimtar da mu. Kuma ya taɓa zuwa Ikko?

Tsohon Sojan Ruwa, Ojo:
Wa alaikumussalam ɗana. Sirrin yana wajen igwa. Kafin 1906, babban jirgin yaƙi igwa huɗu masu faɗin baki inci 12 yake ɗauka, sai tarkacen matsakaita da ƙanana. To a teku, in abokin gaba na nesa, ba saiti ɗaya ake yi a same shi ba. Harbawa ake yi, mutum yana can saman jirgi da madubin hangen nesa yana duban inda harsashi ya faɗa ruwa ya yi tsiri, sai ya ce a ƙara ko a rage. In igwoyin girma daban-daban ne, ina zai gane wannan tsirin na wacce ce? Sai lissafi ya dagule. Yaƙin Tsushima na Mayu 1905, inda Japan ta ragargaza jiragen Rasha, ya ƙara nuna cewa manyan igwoyi ke yanke hukunci.

Shi ne Admiral Fisher, shugaban sojan ruwan Ingila, ya matsa a yi jirgi mai igwa 10 duk inci 12, biyu-biyu a ɗaki biyar masu juyawa, takwas na iya aman wuta gefe guda lokaci ɗaya. Harsashi ɗaya kusan kilo 385. Aka sa masa injin tabain mai aiki da tururi, yana gudun kusan kilomita 39 a awa, na da kuwa wajen 33. An fara ƙera shi a Portsmouth a Oktoba 1905, ya shiga ruwa a Fabrairu 1906, kafin shekarar ta ƙare ya kama aiki. Wannan saurin ma shi ya fi ba ni mamaki.

Amma fa a ganina Ingila ta ɗan daɓa wa cikinta wuƙa. Ita ke da tsofaffin jiragen da suka fi na kowa yawa, ita kuma ta zubar musu da daraja. Jamus ta shiga ƙera nata, har sai da ta faɗaɗa mashigin Kiel don su samu wucewa.

Malamin Makaranta, Agege:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ku faɗa masa ragowar. Duk wannan suna, jirgin bai taɓa harba manyan igwoyinsa kan jirgin abokan gaba ba. Babbar arangamar Jutland ta 31 ga Mayu 1916, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda Ingila ta rasa jirage 14 da mutum fiye da 6,000, Jamus ta rasa 11, ba ya wurin. Abin da ya yi guda ɗaya ne: a Maris 1915 ya bi ta kan jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus U-29 ya nutsar da shi, da ƙirji ba da harsashi ba. A 1921 aka sayar da shi ga masu yankan ƙarfe, kamar dai yadda 'yan jari-bola ke yi da mataccen bas.

Tsohon Sojan Ruwa, Ojo:
Gaskiyarka malam, kafin yaƙi ya zo ƙannensa sun riga sun wuce shi. Batun Ikko kuwa, bai zo ba, ba kuma hanyar shigarsa. Zurfinsa cikin ruwa kusan mita 9 ne, bakin tashar nan kuwa a lokacin yashi ya tare shi. Ko jiragen fasinja a waje suke tsayawa, ƙanana su kwaso mutane da kaya, har aka gina katangun duwatsun nan na bakin teku aka yashe hanya, manya suka fara shigowa a 1914. Mu nan Afirka ta Yamma matsakaitan jirage ake turo mana. Cumberland da Challenger su suka je yaƙar Jamusawa a Duwala ta Kamaru a Satumba 1914, tare da ƙananan jiragen gwamnatin Nijeriya da sojojinmu, Hausawa da yawa a ciki.

Direban Tanka, Apapa:
Na gode Baba. To wannan baƙin hayaƙin fa, wane mai yake sha? Kun san mu nan hankalinmu yake.

Tsohon Sojan Ruwa, Ojo:
Kwal ne ɗana, da shebur ake ɗura shi, ranar lodi kowa sai ya koma baƙi ƙirin. Ana ɗan fesa mai a kai don wuta ta ƙara ƙarfi. Masu shan mai zalla su ne irin jirgin Queen Elizabeth mai igwa inci 15, kuma saboda su Churchill, ministan sojan ruwa na lokacin, ya sa gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 na kamfanin man Farisa, wato Iran, a 1914. Kamfanin nan shi ne BP na yau.